Sun ce ciwon da ke aika saƙo ba na asibiti ba ne

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wada nan Kaduna, 'ya'yana 4. Maigidana shekararsa 44, hatsi yake sarowa daga Saminaka ya sayar a Kawo. Tun bayan babbar sallah ya fara ramewa, gefen cikinsa na dama yana ciwo, abinci ya fita daga ransa. Da aka yi hoto sai aka ce akwai ƙari a hantarsa kuma daji ne, sannan yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B wanda bai taɓa sanin yana da shi ba. Na roƙi likita a yanke ƙarin a huta, ya ce ba haka nan ake yi ba, hantar duk ta yi tabo, kuma ƙarin ba shi kaɗai yake aiki ba, yana aika saƙo ga naman da ke kewaye da shi. Yayansa na jin haka ya ce ciwon da ke aika saƙo ai ba na asibiti ba ne, jifa aka yi masa. Hajiyarsu ta hana a ba shi nama da kayan zaƙi wai kada ciwon ya samu abinci, ta kuma kawo jiƙo jarka guda. Amarya tana da cikin wata 7, ta koma gidansu don kada ta ɗauka. Shi kuwa har yau ba a gaya masa sunan ciwon ba. Anti, wa zan bi?

Wata baiwar Allah, Tudun Wada

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya. Mai jinya a gidan yawa da abu biyu take fama, ciwon majinyaci da bakin masu dubiya, kowa ya shigo da nasa maganin. Tambayoyinki da yawa, amma tushensu ɗaya, wato maganar nan ta likita da aka ji ta a karkace. In ita ta miƙe, sauran za su sami wurin zama.

Abin da likita ya faɗa gaskiya ne, kuma babu aljani ko hannun mutum a cikinsa. Jikin ɗan Adam gaba ɗaya a kan aike yake tafiya. Allah ya gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma babu wadda take zaman kanta. Kowace tana fitar da sinadarai, ta kusa da ita ta karɓa ta san abin da ake so ta yi: ta hayayyafa, ta dakata, ta matso, ko ma ta mutu wata ta maye gurbinta. Ranar da wuƙa ta yanke ki kina yanka albasa, wannan aiken ne ya sa jini ya daskare, wurin ya kumbura, sabon nama ya tofo, da ya cike kuma aikin ya tsaya. Tsayawar nan ita ce abin lura. Ƙwayar daji ita ce wadda ta daina jin an ce tsaya, amma ba ta daina aika nata saƙon ba. A 1986 wani likitan Amurka, Harold Dvorak, ya bayyana ƙarin daji da cewa rauni ne da ba ya warkewa. Kullum yana kiran masu gyara, suna zuwa da niyyar gyara, aikinsu yana ƙarewa a kansa.

To dubi inda wannan rauni ya sami kansa. Hantar babban mutum takan kai kilo 1 da rabi, kuma a kayan ciki babu mai sake tofowa kamarta. In lafiyayya ce ana iya cire kusan kashi 70 cikin 100 nata, sauran ya girma ya cike gurbin. Ƙwayar cutar nau'in B kuwa, a ƙasashenmu galibi tun ana jariri ko ana yarinta take shiga, ta zauna shekara 30, 40 ba ta ce uffan ba. A duk tsawon shekarun nan sojojin jiki suna far wa ƙwayoyin hantar da suka kamu, suna kashe su, hanta tana haifar sababbi, a sake kashewa, a sake haifa. Kowace haihuwa sai an kwafi bayanan gado, mai yawan kwafa kuwa ba ya rasa kuskure. Sannan ita wannan ƙwayar cuta takan cusa nata bayanan cikin na ƙwayar hanta ta hargitsa su. Daga cikin waɗanda suka hargitse ake samun guda ta kangare. Shi ya sa a Afirka ta Yamma ake ganin wannan daji a jikin magidanta 'yan shekara 30 zuwa 50, alhali a Turai galibi sai an haura 60. Ciwon maigidanki ba bana ya fara ba, bana ya bayyana.

Ƙwayar da ta kangare ba ta iya yin nisa ita kaɗai. Halinta irin na mutumin da ya kafa gini a kan hanya cikin unguwa ne. Da shi kaɗai ne, da kwana biyu an rushe. Amma sai ya sami magini ya ɗora masa katanga, mai gyaran famfo ya jawo masa ruwa daga babban bututu, 'yan sintiri kuma ya toshe musu baki. Saƙon da likita yake nufi ke nan.

A tsakankanin ƙwayoyin hanta akwai wasu masu siffar tauraro. A zaman lafiya aikinsu ajiyar bitamin A, mafi yawan wanda ke jikin mutum a wurinsu yake. In hanta ta ji rauni sai su saki ajiyar, su rikiɗe su koma saƙa wani zare mai tauri da ake kira kolajin don su ɗinke wurin. Zaren nan ne in ya yi yawa yake zama tabon da likita ya gani, hanta ta ƙeƙashe ta yi gudaji-gudaji. Ƙwayoyin daji suna fitar da sinadaran da ke hana masu saƙar nan komawa hutu, su kuma suna mayar da biki da sinadaran da ke sa dajin hayayyafa da ƙaura. Hatta taurin naman kansa saƙo ne, don ƙwaya tana jin irin wurin da take kwance a kai, kuma an gwada a ɗakin bincike an ga ƙwayar dajin hanta ta fi saurin rabuwa a kan wuri mai tauri. Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na irin wannan daji a cikin hantar da ta riga ta ƙeƙashe yake tsirowa.

Batun jini shi ya fi shafar abin da za ku gani a asibiti, don haka ki ɗan saurara. A 1971 Judah Folkman, likitan tiyata a birnin Boston, ya ce ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya sami sababbin hanyoyin jini, kuma shi da kansa yake kiransu. An daɗe ana yi masa kallon mai mafarki kafin a gano sinadarin da ake kiran da shi, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da VEGF. In iskar oksijin ta yi wa tsakiyar ƙari ƙaranci sai ya fitar da shi, jijiyoyin da ke kusa su yi rassa su nufo shi. Hanta hanyoyin jini biyu ne da ita: babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga hanji, wadda ke kawo kusan kashi 75 cikin 100, da wadda ke kawo jinin da ya taso daga zuciya. Lafiyayyen nama ya fi dogara da ta hanji, shi kuwa dajin daga ta zuciya yake sha. Wannan bambanci ne ya sa ake yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai haska hanyoyin jini kafin hoton Si-Ti. Ƙarin yakan riga sauran hantar haskawa, ya kuma riga ta dushewa, kuma a hantar da ta ƙeƙashe wannan alamar kaɗai takan isa a tabbatar da ciwon ba tare da an tsakuro nama ba. A kan wannan bambancin ne kuma aka gina aikin da ake zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa hanta, a zuba magani a bakin ƙarin a toshe hanyar da ke shayar da shi.

Sai sojojin jiki. Za ki ce me ya hana su kashe shi tunda baƙo ne? Ai hanta dama wuri ne da aka hore su su yi haƙuri. Duk abin da muka ci, da ɓurɓushin ƙwayoyin cutar hanji, ta nan yake fara ratsawa, da za su tayar da faɗa a kan kowanne da kowace lomar tuwo ta zama zazzaɓi. Dajin wannan haƙurin yake ci. Akwai manyan ƙwayoyi masu haɗiye datti da ke zaune a hanta, waɗanda aka raɗa wa sunan Bajamushen nan Kupffer da ya fara siffanta su a 1876. Saƙon daji yakan juya su da 'yan uwansu da ke shigowa daga jini, su bar faɗa su koma lallashi. Sannan ƙwayar dajin takan ɗora wata alama a bayanta, in sojan da ya zo kashe ta ya taɓa alamar sai jikinsa ya mutu. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun sami kyautar Nobel a 2018 saboda gano irin waɗannan birki na garkuwar jiki da yadda za a sake su.

Akwai kuma wasu 'yan ƙunshi da ƙwayoyin daji ke saki, girmansu nanomita 30 zuwa 150, alhali milimita 1 nanomita miliyan 1 ce. A cikinsu akwai furotin da guntayen bayanan gado. Ƙwayar da ta haɗiye su sai halinta ya canza, wasu ma sukan bi jini har huhu su gyara wa dajin masauki tun bai iso ba. Wannan fanni har yanzu a ɗakin bincike ya fi ƙarfi, kada wani ya sayar muku da magani da sunansa.

Da kin fahimci wannan, kin fahimci dalilin da ya sa magungunan zamani na dajin hanta galibi masu katse aike ne. Sorafenib, ƙwayar da aka amince da ita a 2007, tana toshe kiran jijiyoyi. A babban gwajin da aka yi mata, rabin masu shan ta sun haura wata 10.7 a raye, rabin waɗanda ba su sha ba kuma wata 7.9. A 2020 aka amince da haɗin ruwan jijiya guda biyu, bebasizumab mai kama sinadarin kiran jini da atezolizumab mai rufe alamar nan da ke kashe wa soja jiki, kuma haɗin ya fi sorafenib. Na kawo miki lissafin watannin ne da gangan. Magungunan nan suna ƙara kwana da yardar Allah, suna rage wa wasu ƙarin sosai, amma ba a ɗauke su a matsayin masu warkarwa ba, tsadarsu kuma ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Duk wanda zai sayar da gona ko rumfar kasuwa saboda su, haƙƙinsa ne ya san abin da yake saye.

Yanzu tambayarki ta yanka. Wuƙa tana warkar da dajin hanta in an same shi da wuri, kuma maganar da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya watsu ta kai mutane da yawa kabari alhali ana iya cetonsu. Amma likitan tiyata ba abin da zai cire kaɗai yake dubawa ba, yana duban abin da zai bari. Hantar da ta ƙeƙashe ba ta tofowa kamar lafiyayya, in aka yanke mata babban kaso sauran ba zai riƙe mutum ba. Ko aikin ya yi kyau, naman da aka bari yana nan da tabonsa da ƙwayar cutarsa, shi ya sa ciwon kan dawo wa har kusan kashi 70 cikin 100 a cikin shekara 5. Ƙarin da bai wuce santimita 3 ba ana iya ƙona shi da allura mai zafi. Dashen hanta shi ne mai kawar da ƙarin da naman da ya haife shi gaba ɗaya, amma ƙa'idar da aka fi bi tun 1996 ita ce ƙari guda da bai wuce santimita 5 ba, ko waɗanda ba su wuce 3 ba kowanne bai haura santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiya ba.

Don haka in kun koma asibiti, maimakon roƙon a yanke, ki riƙe takarda da biro ki tambayi likita: ƙarin guda nawa ne, santimita nawa, ya shiga babbar jijiyar hanji ko bai shiga ba, ya fita waje ko yana nan cikin hanta, sauran hantar kuma wane ƙarfi ya rage mata? Sai ki rufe da wadda mutane ke tsoro: abin da za a yi masa, don warkarwa ne, ko don ƙarin kwana, ko don sauƙin ciwo? Duk ukun aiki ne na ƙwarai, amma kuɗin da ya dace a zuba wa kowanne daban. In kuna son ji daga bakin wani likitan, ba laifi ba ne ba kuma raini ba ne. Ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, inda akwai sashen masu ciwon daji. Ku tafi da hotunan da sakamakon jini. In wani ya kawo maganar Indiya ko Masar, a fara tura hotunan, likitan can ya rubuto abin da zai yi da abin da yake fata, kafin a taɓa kadara. Ki kuma tambaya ko an ɗora shi a kan maganin ƙwayar cutar, tenofobir ko entekabir. Ba ya kashe daji, amma yana kwantar da wutar da ke cin sauran hantar, kuma in an fara ba a yanke shi haka kawai.

Yayansa kuwa, kada ki yi musu da shi a tsakar gida, ba za ki ci ba, kuma ba girmanki ba ne. Mutum ne da ƙanensa ke narkewa a gabansa, jifa ya fi masa sauƙin ɗauka don jifa yana da wanda za a tuhuma. Ki ce masa, “Yaya, ni mace ce, maganar likita ta fi ƙarfina, don Allah ka raka mu ka ji da kunnenka.” A nuna masa hoton, ya ga ƙarin da idonsa. Addu'a da sauka da sadaka kuwa a yi ta yi, babu likitan da ya hana, malamanmu ma kullum suna faɗa cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Abin da nake ji miki tsoro shi ne ranar da za a fara neman wanda ya yi jifan, don a gidan mata biyu an san inda yatsa ke nufa.

Maganar Hajiya ta fi gaggawa, don ita kullum ake aikata ta. Ramar da kike gani ita ma aiken dajin ce. Sinadaran kumburi da shi da sojojin da ya juya suke zubawa cikin jini suna kashe sha'awar abinci, suna sa jiki ya narkar da tsokarsa. In an hana shi abinci, ciwon ba ya jin yunwa, daga tsokar maigidanki zai ɗiba. Kuma hanta ita ce ma'ajiyar sukarin jiki, mai irin wannan ciwo sukarinsa yakan faɗi har ya suma. Ki ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa: ƙwai, kifi, kaza, alale, nono mai tsabta, fate, 'ya'yan itace, da ɗan abin taɓawa kafin barci don kada dare ya yi masa tsawo ciki wayam. Abin da ake rage wa mai kumburin ciki gishiri ne, da dunƙulen miya, da kanwa, don ita ma dangin gishiri ce. Jiƙon nan kuwa, ban raina tausayin uwa ba, amma duk abin da aka haɗiya hanta ce mai tace shi, kuma babu wanda ya auna abin da ke cikin jarkar. Hantar da ta rage masa ba ta da rarar da za a yi gwaji da ita. Ki bar likita ko babbar nas ta faɗa wa Hajiya da bakinsu, sannan ki roƙe ta ita ta riƙa dama masa kunu da hannunta. Uwa in an karɓe mata wani aiki sai an ba ta wani.

Haka magungunan kemis. Diklofenak da ibufurofen da asfirin suna iya jawo masa zubar jini a ciki ko su taɓa ƙoda. Farasitamol ma ga mai irin hantarsa likitoci sukan tsayar da shi a giram 2 a yini. In ciwo ya yi tsanani ki faɗa a asibiti, akwai morfin, kuma ba shi morfin ba ya nufin an sallama shi. Masu tallar maganin daji a Facebook da TikTok, ki wuce su.

Amarya ta gudu daga abin da ba ya kamawa, ta tafi da wanda ya kamata a bincika. Daji ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Duk aiken nan da na zayyana a cikin jikinsa yake farawa, a cikinsa yake ƙarewa. Ƙwayar cutar nau'in B ita ce mai yawo, ita ma ba ta bin kwano ko moɗa ko tari ko gaisuwa. Jini take bi, da kwanciyar aure, da haihuwa. Reza, askar wanzami, ƙaho, abin yankan farce, buroshin haƙori, allurar da aka maimaita, nan take laɓewa, kuma tana iya kwana 7 a busasshen jini da ranta. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba. Saboda haka ke, da amarya, da yaran duka, da 'yan uwansa da suka fito ciki ɗaya, har shi Yaya, kowa ya je a gwada jininsa. Gwaji ne mai sauƙi, manyan asibitocin gwamnati suna yi, ga na Yusuf Ɗantsoho nan a unguwarku. Wanda ba shi da ita kuma ba a taɓa yi masa rigakafi ba, allura 3 ce: yau, bayan wata 1, sai a wata na 6. Wanda aka samu da ita ba hukuncin kisa ba ne. Likita zai duba ko yana buƙatar magani, a kuma riƙa yi masa sikanin hanta da gwajin jini duk wata 6, don a nan ne ake kama ƙari yana ɗan ƙarami, lokacin da wuƙa ke da amfani. Kada kuma a ɗora wa Hajiya laifi in an samu 'ya'yanta da ita. Sai a 2004 Najeriya ta sa wannan rigakafi cikin alluran yara.

Cikin amarya shi ne abin da ba ya jira. Babban mutum in ya kamu, fiye da 95 cikin 100 jikinsu yakan kore ta. Jariri in ya kamu wajen haihuwa, kusan 90 cikin 100 takan zauna musu har girma. Ta faɗa a wurin awo cewa mijinta yana da ita, a gwada ta a makon nan. In an samu tana da ita da yawa a jini, akwai maganin da ake fara ba mai ciki daga mako na 28. Ta haihu a asibiti, a yi wa jaririn allurar rigakafi ta farko cikin awa 24, ba a jira suna ba, sannan sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Nono kuwa ta ba shi, ba ya hanawa. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, dajin hanta a tsakanin yaransu ya ragu da kusan rabi. Ke ce uwargida, ki je gidansu da kanki ki kai mata wannan magana, za ta fi jin ta daga bakinki a kan ta ji a waya.

Tunda sana'ar gidan hatsi ce, ga wani abu. Masara da gyaɗar da aka ɗura a buhu ba su gama bushewa ba, ko aka shanya a ƙasa mai laima, sukan yi fumfuna mai fitar da dafin aflatoksin. An gano shi bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin gyaɗa. Dahuwa ba ta kashe shi, kuma in ya haɗu da ƙwayar nau'in B haɗarin daji ninkuwa yake yi. Na san al'adar 'yan hatsi, mai kyau a kai kasuwa, wanda ya ɗan taɓu a kawo gida a yi tuwo. A daina. Ki tsince duk ƙwayar da ta canza launi ko ta motse, ki lura da inda kike sayen ƙuli-ƙuli da gyaɗar kunu. Manoman da yake saye a wurinsu kuma akwai Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona don rage dafin tun daga tushe.

Sai ɓoye masa da aka yi. Ni dai ban goyi baya ba. Mutumin da ke auna buhu da ido ya san jikinsa ya canza, yana kuma ganin yadda ake yin shiru in ya shigo. Ɗan kasuwa ne, akwai bashin da yake bi, akwai wanda ake bin sa, akwai amanar mutane a hannunsa, ga yara, ga ciki. Kuɗin da za a kashe nasa ne, jikin da za a yi wa aiki nasa ne. Ba sai an jibga masa komai a zama ɗaya ba. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki tambaye shi, “Maigida, me likita ya gaya maka, kuma me kake so ka sani?” Daga amsarsa za ki gane iya inda zai ɗauka a ranar. In bakinki ba zai iya ba, ku shiga wurin likita tare da Yaya, likitan ya faɗa, ke kina gefensa.

Akwai alamun da in kin gani ba a jiran gari ya waye: aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi, ruɗewa, surutai, ko barcin rana mai nauyi da rashin barcin dare, zazzaɓi tare da kumburin ciki, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya da jiri, ko fitsari ya ɗauke. Ruɗewar nan musamman ita ake ɗauka aljanu ne, alhali dattin da hanta ta kasa tacewa ne ya hau ƙwaƙwalwa, kuma tana da magani. Kada ki bar shi ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, don taurin ciki yana tayar da ita. Tun yau ki sami lambar mai mota ko mai Keke a unguwa wanda zai ɗaga waya da tsakar dare, ki haɗa katinsa da hotunansa da sunayen magungunansa a jaka ɗaya kusa da ƙofa, ki kuma sami wadda za ta riƙa karɓarki jinya ko da yini ɗaya ne a mako.

Allah ya ba shi lafiya, ya sauki amarya lafiya.